Laburaren Gundumar Washington: Daga Keken Doki Zuwa Yau

Laburaren gunduma a Amurka hukuma ce guda ɗaya da ke riƙe da ɗakunan karatu na duk garuruwa da ƙauyukan gundumar, da kuɗin harajin mutanenta, ƙarƙashin kwamitin amintattu ɗaya. Gunduma a tsarin mulkin ƙasar tana ƙasa da jiha, ta kuma fi gari faɗi. Tana da kotunta da jami'an tsaronta, tana karɓar harajin gidaje da gonaki. Mai katin irin wannan laburare yana iya aron littafi a wannan reshe ya mayar a wancan, babu mai tambayarsa ko a birni yake kwana ko a gidan gona. Yau abin ya zama ruwan dare, har ba a ganin mamaki a cikinsa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kuwa kusan babu shi.

A wancan lokaci laburare kayan birni ne. Boston ta buɗe nata a 1854, wasu birane suka bi sahu, kowanne da harajin mazaunansa kuma don mazaunansa. Attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina laburare sama da 1,600 a faɗin ƙasar, bisa sharaɗin garin da aka gina wa ya riƙa kashe kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ginin duk shekara wajen tafiyar da shi. Sharaɗi ne mai kyau ga garin da ke da masu biyan haraji. Manomin da gonarsa take bayan iyakar gari ba ya cikin lissafin, alhali a shekarar 1900 mutum shida cikin goma na Amurkawa a karkara suke zaune.

Gundumar Washington tana yammacin jihar Maryland, tsakanin iyakar Pennsylvania daga arewa da kogin Potomac daga kudu. Faɗinta ya kai wajen murabba'in kilomita 1,200: kwari mai albarkar noma a tsakiya, duwatsu gabas da yamma. A nan aka gwabza yaƙin Antietam, a lokacin yaƙin basasar Amurka, ranar 17 ga Satumba 1862, kusa da Sharpsburg. A 1900 mutanen gundumar sun ɗan haura 45,000, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne ke zaune a Hagerstown, hedikwatarta. Wani ɗan asalin yankin da ya yi arziki a Baltimore, Benjamin Newcomer, ya ba da waƙafin dala 50,000, majalisar jiha ta amince da kafa laburaren a 1898, aka buɗe ƙofa a watan Agusta 1901. Gundumar Van Wert ta jihar Ohio ta riga ta da 'yan watanni, domin an buɗe laburarenta na Brumback ranar 1 ga Janairun shekarar. Shi ya sa ake lissafa na Hagerstown a na biyu. Amma na biyun ne ya fara amsa tambayar da doka ba ta amsa ba: an ce laburare na dukan gunduma ne, to yaya mutumin Hancock, mai nisan sama da kilomita 40 a kan hanyar laka, zai ci moriyar ginin da ke Hagerstown?

Wadda ta ɗauki tambayar ita ce Mary Lemist Titcomb, shugabar laburaren ta farko. An haife ta a New Hampshire a 1852, ta koyi aikin a Massachusetts, ta shugabanci laburaren Rutland a Vermont kafin ta zo Maryland tana dab da shekara hamsin. Dabararta ta farko akwati ce. A zuba littattafai kamar 50 a akwatin katako, a kai shi kantin ƙauye ko gidan waya, a damƙa wa mai wurin amana. Bayan wata biyu ko uku a zo a ɗauke a kawo wani. Aka fara da wurare 22, cikin 'yan shekaru suka kai 66. Mai kanti ba ya asara, don wanda ya shigo aron littafi da wuya ya fita bai sayi gishiri ko kananzir ba.

Duk da haka akwai gidajen da ko kantin ba sa zuwa sai ta kama dole. Ga su kuma da ɗari-ɗari da duk abin da ya fito daga birni. A watan Afrilu 1905 aka fitar da keken littattafai, wanda ake ɗauka shi ne irinsa na farko da wani laburaren jama'a ya tura gida-gida a Amurka. Keke ne mai ƙafa huɗu, dawakai biyu ke jan sa, Dandy da Black Beauty. An yi masa kantoci a jikinsa ta waje, masu murfi, ta yadda idan aka tsaya aka buɗe, mutum yana tsaye a ƙasa zai ga bayan littattafai kamar 200 jere a gabansa. Cikinsa kuma na akwatunan da za a sauke a kantuna ne. Da farko baƙin fenti aka shafa masa, kuma wannan ya jawo matsala: wani manomi da ya hango shi tafe ya ɗauka keken ɗaukar gawa ne, ya ce a wuce, babu mamaci a gidansa. Sai aka sa masa jan fenti a gefe.

Zaɓen mai tuƙi ya fi zaɓen fenti muhimmanci. Titcomb ba ta ɗauko masanin littattafai daga wani gari ba. Joshua Thomas ta ba linzami, mai shara da kula da ginin laburaren, ɗan gundumar, tsohon sojan yaƙin basasa, wanda ya taɓa yawon sayen amfanin gona a ƙauyuka har ya san hanyoyi da masu gidaje. Umarnin da ta ba shi shi ne kada ya yi gaggawa, ya bar kowane gida su duba su zaɓa a tsanake. Wanda ya san halin mutumin karkara, ko na wace ƙasa ne, zai gane hikimar. Baƙo da littafi a hannu ana yi masa kallon ɗan talla ko mai wa'azi. Idan wanda aka sani ne, sai a fara da gaisuwa da labarin damina da farashin ƙwai, matar gida ta goge hannu ta fito, yara su kewaye dawakai, kafin a ankara littafi uku sun shiga ɗaki. A wata shida na farko keken ya yi tafiya 31, ya ba da aron littafi 1,008. Daga baya hanyoyinsa suka kai 16, wasu a yini ɗaya, wasu sai an kwana a hanya.

Ƙarshen keken bai zo da daɗi ba. A watan Agusta 1910 jirgin ƙasa na kaya ya banke shi a mahaɗar St. James, ya yi raga-raga da shi. Thomas da dawakan suka tsira. Aka yi sama da shekara babu zagaye, sai a 1912 ma'ajin kwamitin amintattu, William Kealhofer, ya ba da kuɗi aka sayi mota ƙirar International Harvester aka yi mata kantoci. Tun daga nan mota ke bin mota. Titcomb ta buɗe ajin horar da ma'aikatan laburare a 1924, ta ci gaba da riƙe aikin kusan har rasuwarta a 1932.

Tsarin ya bazu, amma ba da sauri ba. Kalifoniya ce ta fi rungumarsa: dokarta ta 1911, wadda shugaban laburaren jihar James Gillis ya tsaya wa, ta ba kowace gunduma damar kafa nata, kuma cikin shekaru kaɗan yawancinsu suka kafa. A wasu jihohin, musamman na arewa maso gabas, garuruwa sun ƙi sakin nasu, har gobe kowane gari da laburarensa. Maryland ta yi dokar tallafa wa laburaren gundumomi daga baitulmalin jiha a 1945. Gwamnatin tarayya ba ta yi dokar tallafa wa laburare ba sai 1956, lokacin da shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta ware kuɗi don karkara, kuma kaso mai tsoka na kuɗin motocin littattafai aka saya da shi. Wata doka a 1964 ta ƙara da kuɗin gine-gine.

Akwai wani gefen tarihin da bai kamata a tsallake ba. Kalmar "na kowa" da aka rubuta a takardun kafa laburare ba ta haɗa da baƙar fata ba a yawancin kudancin ƙasar. Wasu gundumomi sun ware musu ɗan ɗaki da tsofaffin littattafai, wasu ko wannan babu. A Maryland kanta sai da wata malamar makaranta, Louise Kerr, ta kai laburaren Enoch Pratt na Baltimore kotu saboda an hana ta shiga ajin horar da ma'aikata, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba ta gaskiya a 1945. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ce ta rufe babin a hukumance. Nisan hanya kenan ba shi kaɗai ke raba mutum da littafi ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu karkarar ta canza kama. Aka shimfiɗa kwalta, kusan kowane gida ya yi mota, aka haɗe ƙananan makarantu masu aji ɗaya zuwa manya, kantunan ƙauye suka yi ta rufewa. Akwatin littattafai ya rasa mazauni. A madadinsa garuruwan da suka ɗan tasa suka sami rassa na dindindin, da ma'aikaci da lokacin buɗewa. Yau bayan babban laburaren Hagerstown akwai rassa a Boonsboro, Clear Spring, Hancock, Keedysville, Sharpsburg, Smithsburg da Williamsport, suna hidima ga mutum sama da 154,000 bisa ƙidayar 2020. Hedikwatar ta bar ginin farko na titin Summit zuwa titin South Potomac a 1965, aka sake gina ta aka buɗe a 2013. Motar littattafai ba ta mutu ba, masu jiranta ne suka canza. Manomi yana da tasa motar. Waɗanda tafiya ke yi wa wuya yanzu su ne tsofaffi a gidajen kula da su, da yara a wuraren reno, da mazauna unguwannin da motar haya ba ta shiga.

Amfanin haɗuwa a ƙarƙashin gunduma a bayan fage aka fi ganinsa. Gari mai mutum dubu ɗaya ko biyu ba zai iya biyan ƙwararren mai zaɓen littattafai ba, balle mai gyaran kwamfuta. A tsarin gunduma ofis ɗaya ke saye, ya yi rajista, ya manna lamba, ya rarraba. Wata mota da babu mai lura da ita, ba irin keken Thomas da yara ke bi ba, tana zagaya rassa da kwanduna: wanda ya nemi littafi a Hancock alhali yana kanta a Smithsburg, cikin 'yan kwanaki zai same shi an ajiye masa da sunansa. Idan gundumar ba ta da shi, akwai tsarin aro tsakanin laburaren jihar mai suna Marina. Maryland tana da hukumomin laburare 24, ɗaya ga kowace gunduma cikin 23, ɗaya ga birnin Baltimore, kuma tun 1971 babban ginin Enoch Pratt ne rumbun da sauran ke komawa gare shi. Gundumomi uku na yamma, Washington da Allegany da Garrett, suna da ofishin haɗin gwiwa a Hagerstown. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Kuɗin kuwa na gida ne. A faɗin Amurka sama da kashi 80 cikin ɗari na abin da laburaren jama'a ke kashewa daga ƙananan hukumomi yake fitowa, jiha ta ɗan ƙara, na tarayya bai kai kashi ɗaya ba a yawancin shekaru. Ma'anarsa, duk shekara shugaban laburare zai zauna gaban kwamishinonin gunduma yana kare kasafinsa, a layi ɗaya da masu neman kuɗin makarantu da hanyoyi da gidan yari. Wannan yana da kyau ta fuska ɗaya, don laburaren da mutanen gari ba sa shiga ba zai sami mai kare shi ba. Ta ɗaya fuskar, gundumar da ta fi talauci, wadda ta fi bukatar laburare, ita ce mai ƙaramin haraji.

Canji mafi girma tun bayan mota shi ne kwamfuta. Da farko ta shigo ne don sauƙaƙa wa ma'aikata: dogayen durowoyin katako masu ɗauke da katin kowane littafi, ɗaya da sunan marubuci, ɗaya da sunan littafi, ɗaya da fanni, suka koma cikin na'ura. Sai a 1994 laburaren Maryland suka ƙaddamar da Sailor, hanyar da ta ba mazauna jihar damar shiga intanet kyauta a lokacin da yawancin mutane ba su taɓa ganinta ba. Dokar sadarwa ta 1996 ta kawo rangwamen kuɗin intanet ga makarantu da laburare, gidauniyar Bill da Melinda Gates ta fara raba kwamfutoci a 1997. Duk wannan ya zo ne a daidai lokacin da garuruwa irin Hagerstown ke rasa masana'antunsu. Kamfanin jiragen sama na Fairchild, wanda ya ciyar da dubban gidaje, ya rufe masana'antarsa ta garin a 1984. Ayyukan da suka maye gurbi, da yawansu a manyan rumbunan ajiyar kaya da ke gefen manyan hanyoyi biyu da suka haɗu a wajen garin, ba a neman su da takarda da biro.

Wanda ya shiga kowane laburaren gunduma da hantsi zai ga sakamakon. Ga mutum ɗan shekara hamsin da wani abu, hannunsa ya saba da ƙarfe, yana zaune gaban allo da takarda a ninke a aljihu. Shafin neman aikin yana so ya buɗe asusu. Asusun yana so ya ba da adireshin imel. Imel ɗin yana so ya tura lamba zuwa wayarsa, wayar kuma babu kuɗi a ciki. Ma'aikaciya ta jawo kujera ta zauna gefensa. Ƙa'idar aiki ta hana ta cike masa fom, don haka da yatsa take nuna masa inda zai danna, shi yana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya, agogon da ke gefen allon yana cin mintocin da aka ba shi. Idan an dace ta ƙara masa lokaci, ya fita da takardar tarihin aikinsa guda biyu da aka buga masa a kan 'yan sulalla. Bai ari littafi ko ɗaya ba, don haka ba zai fito a lissafin aro ba, wanda shi ne ma'aunin da aka gada tun zamanin 1,008 ɗin Thomas. Neman tallafin rashin aiki, biyan haraji, ganin likita, duk sun koma intanet, hukumomin da suka mayar da su can kuma sukan ce wa marar kwamfuta ya je laburare, ba tare da sun ƙara wa laburaren ko sisi ba.

Nauyin bai tsaya nan ba. Laburare na cikin wurare ƙalilan da mutum zai shiga ya yini, da ɗumi lokacin hunturu da sanyi lokacin zafi, ba a ce ya sayi komai ba. Marasa matsuguni sun san haka. A yankunan da annobar miyagun ƙwayoyi ta yi wa katutu an horar da ma'aikatan laburare da dama yadda za su farfaɗo da wanda ya sha fiye da kima, wasu manyan laburaren ma sun ɗauki jami'an jin daɗin jama'a aiki. Tsofaffin masu karatu kan yi ƙorafin cewa shirun da suka sani ya tafi, kuma ba ƙarya suke yi ba. Lokacin korona a 2020, da aka kulle gine-gine, laburare da yawa suka bar intanet ɗinsu a kunne, ɗalibai suna aikin makaranta cikin mota a farfajiya, ana miƙa littattafai a jaka ta bakin titi.

Tara ma ta sha bita. Shekara da shekaru ana ganin 'yan sulallan da ake caji kan jinkirin mayar da littafi tarbiyya ce. Da aka duba sai aka ga masu hali suna biya su manta, marasa hali kuma bashi ya taru a rufe katinsu, yaro ya daina zuwa saboda laifin da ba nasa ba. Enoch Pratt ya soke tarar a 2018, ƙungiyar laburare ta Amurka ta yi kira da a soke ta ko'ina a 2019, Maryland kuma ta hana cajin ƙananan yara da doka a 2021.

Littafin lantarki ya zo da tasa rigimar. A ido shi ne ƙarshen matsalar da Titcomb ta yi fama da ita: mutum yana kwance a Clear Spring zai ari littafi ta manhajar Libby da tsakar dare. A aljihu labarin daban ne. Littafin takarda idan laburare ya saya ya zama nasa, ya ba da aronsa har ya yage. Na lantarki haya ce. Manyan kamfanonin ɗab'i suna sayar wa laburare lasisi a kan ninkin abin da mutum ɗaya zai biya, lasisin kuma ya ƙare bayan shekara biyu ko bayan adadin aro. HarperCollins ya sa iyakar aro 26 tun 2011. Maryland ce jiha ta farko da ta yi doka, a 2021, cewa duk kamfanin da ke sayar wa jama'arta littafin lantarki dole ya ba laburare lasisi bisa sharuɗɗa masu ma'ana. Ƙungiyar masu ɗab'i ta kai ƙara, kotun tarayya ta rushe dokar a 2022 bisa hujjar cewa haƙƙin mallaka hurumin tarayya ne. Don haka kasafin littattafai ya rabu biyu, kaso ɗaya yana sayen abin da za a ajiye, ɗayan yana biyan haya a kan abin da aka riga aka biya.

Tambayar wane littafi ya dace da kanta tsohuwa ce. A zamanin keken doki ma'aikatan laburare da kansu ne ke muhawara ko ƙagaggun labarai suna lalata tarbiyya, suna ƙoƙarin tura masu karatu zuwa tarihi da kimiyya. Yanzu matsin daga waje yake zuwa. Tun wajen 2021 buƙatun a cire littattafai, galibi masu magana kan launin fata da jinsi, sun yawaita a faɗin ƙasar, kuma da yake kuɗin laburare a hannun zaɓaɓɓun gunduma yake, barazanar rage kasafi ba wasa ba ce. A 2024 gwamna Wes Moore ya sa hannu a dokar da ta hana cire littafi daga laburaren Maryland don kawai ana ƙin ra'ayin marubucinsa, ta kuma hana hukunta ma'aikacin da ya bi wannan ƙa'ida.

Aiki ɗaya da bai canza sosai ba shi ne adana tarihin gida. A babban ginin Hagerstown akwai ɗaki na musamman don tarihin yammacin Maryland, mai ɗauke da tsofaffin jaridu, taswirori, tarihin iyalai da takardun yaƙin basasa, inda masu neman asalin kakanninsu ke zuwa daga jihohi masu nisa. Ofishin haɗin gwiwar gundumomi uku ya ɗauki hoton da yawa daga cikin waɗannan takardu ya sa a intanet, ciki har da hotunan keken 1905 tsaye a ƙofar gidajen gona, da na motocin da suka gaje shi.